Baba Tanko da Ruwan Gishiri

Shekarar da Sinawa suka karɓi wasannin Olamfik ina Guangzhou, ina ɗaurin dila a siton wani Alhaji ɗan garinmu, can bayan manyan kantunan tufafi na titin Guangyuan. Sunana Habu, haihuwar Fagge, kuma kafin in je ƙasar nan duk ruwan da na sani bai wuce na famfo da kududdufin bayan gidanmu ba. Wai an turo ni ne in koyi harkar kaya in dawo in zama mutum. Abin da na koya shi ne cusa wandunan jins a buhu, da hawa kansu in danne, da cin taliya a tsaye.

A siton nan na haɗu da Baba Tanko. Basarke ne daga Yauri, sana'ar su, wato kamun kifi, ya gada tun kakanni. 'Yan'uwansa masunta ne suka turo shi ya sayo musu taru da ƙugiyoyi da zaren roba daga tushe. Wani dillali ɗan ƙasarmu ya tarbe shi da sallama da fara'a, ya kai shi Liwan ya nuna masa samfur, ya karɓi abin da zai karɓa, daga ranar ko ƙeyarsa ba a sake gani ba. Baba ya yi ta bin lungu-lungu yana nemansa har bizarsa ta mutu. Alhaji ya ɗauke shi aiki, kuma kar wani ya ce mini don Allah ya yi. Mai matacciyar biza ba ya musu, ba ya neman hutu, ba ya kai ƙara ko'ina.

Abin da ya ba ni mamaki, Baba bai cika kukan kayan ba. In na tayar da maganar ina tsine wa dillalin, sai ya buɗe mini tafukansa, manya, duk kanta, ya ce, "Habu, kaya sun tahi, amma waɗanga biyu suna nan. In dai na sauka Yauri da su, ga Kwara ga jirgina, ba ni roƙon kowa." Matarsa da 'ya'yansa da marayun ƙaninsa duk a kan hannuwan nan suke ci. Burinsa ke nan a duniya, ya lallaɓa ya koma gida da jikinsa lafiya.

Bazarar shekarar ta zo mana da zafi iri biyu. Akwai na gari, wanda za ka fito daga wanka gumi ya sake wanke ka kafin ka sa riga. Akwai kuma na takardu. Saboda wasannin aka tsaurara komai, ana tare baƙi a bakin tasha ana duba fasfo, sabunta biza ta zama sai mai uwa a gindin murhu. Tawa ta kusa ƙarewa, aka ce sai wata masana'anta ta tsaya mini. Alhaji ya ce in kwantar da hankalina, Lawban zai yi.

Lawban a bakinsu maigida ke nan, kowane mai shago haka muke ce masa, amma wannan sunan ya bi shi har muka manta na gaskiya. Shi ke da masana'antar jins a Xintang inda Alhaji ke sarin kaya. Gajere ne mai tumbi, kullum da taba a baki. Wata rana ya shigo sito ya tarar da Baba yana ɗaure bakin buhu, ya tsaya yana kallon ƙullin, ya tambaya. Da aka ce masa masunci ne, sai idonsa ya kawo wuta. Ashe mutumin mahaukacin kamun kifi ne, ba don ci ko sayarwa ba, don nishaɗi kawai. Duk Asabar sai ya kwashi abokansa sun tafi teku da sandunan fatsa masu tsadar tsiya. Nan take Alhaji ya ba da aronmu kamar wanda ya ba da aron baro: Baba ya riƙa ɗaura ƙugiya, ni in ɗauki kaya in yi tafinta, tunda na tsinci Sinancin kasuwa.

Da asuba muke tashi, mu yi ta gabas a mota har gaɓar teku ta wajen Huizhou. Ranar farko na ga ruwa ba iyaka. Wata tsohuwa ce mai ƙaramin jirgin inji take tsallakar da masu fatsa zuwa kan duwatsun da ke cikin teku, Apo suke ce mata, wato kaka. Kafin mu isa na amayar da duk abin da na ci tun jiya. Baba yana zaune daram yana dariya, yana cewa Bakano dai sai tudu, ko a kwano aka sa shi sai ya nutse.

Su Lawban kuwa sun shirya kamar masu zuwa yaƙi. Takalmi mai kama dutse, safar hannu, rigar da ke hana nutsewa, malafa mai rufe har wuya. Mu silifas ne a ƙafarmu. Ni ke ɗaukar kula cike da ƙanƙara, da bokitin jatan lande masu rai, da lema, ina tafiya a kan dutse mai santsi ina salati.

Shi ma Baba teku ba ta bar shi ya yi alfahari ba. Da azahar ta yi ya sauka ƙasa-ƙasa ya yi alwala, ya bar buta da silifas a kan wani faffaɗan dutse busasshe, ya hau sama ya ta da salla. Kafin ya sallame dutsen ya ɓace, buta na can tana rawa a kan ruwa. Su Lawban har da riƙe ciki. Baba ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce Kwara sau ɗaya take cika a shekara kuma tana ba da sanarwa, wannan kuwa sau biyu a yini, ba ko sallama. Daga ranar ya sauke kai ya fara koyo, ni kuma ina fassara masa abin da na tsinta.

Mun koyi abubuwa, ba zan yi ƙarya ba. Ruwan yana bin wata ne. Lawban ba ya duba kalandar Turawa in zai fita, ta wata yake dubawa, kuma lissafinsu da namu kusan ɗaya ne: tsayuwar wata da tsakiyarsa ruwa ya fi cikowa, ya fi janyewa, ya fi ƙarfi. Wannan ya yi wa Baba daɗi ƙwarai, ya ce ashe dai teku ma ta san watan Musulunci. Kifi ba ya cin ƙugiya sai ruwa na motsi. In ya cika ya tsaya cak, ko ya janye ya kwanta, gara ka ajiye sanda ka ci abinci. Da zafin bazara kuwa, da rana ta take sai kifi ya gudu ƙasa ya laɓe a inuwar duwatsu, don haka ko dai ka kama da sanyin safiya, ko ka ƙara dalma ka sauke ƙugiya can ƙasa, ko ka jira la'asar. Jatan lande ta wutsiya ake soke shi don ya daɗe yana motsi, kuma in ka bar bokitin a rana kafin hantsi duk sun mutu sun yi ja. Kifi na fitowa sai cikin ƙanƙara, in ba haka ba kafin a kai gida ya fara wari. In guguwar teku ta wuce, ruwa yakan yi dagwalo na wasu kwanaki, da ya fara washewa kifi ke ci kamar mayunwata. In aka ga walƙiya a kwantar da sanduna a ƙasa. Sai babbar doka, wadda Apo ta koya mini da rankwashi: ba a juya wa teku baya, domin igiyar ruwa ɗaya ta isa ta share mutum daga kan dutse.

In mun dawo, aikina ne in wanke sanduna da ɗan injin naɗe zare da ruwan famfo, ɗaya bayan ɗaya, in goge da tsumma, saboda gishiri yana cin ƙarfe. Lawban yakan tsaya a kaina har in gama. Bai taɓa tambayar ko mun sha ruwa ba.

Wulaƙanci kam mun sha shi. Ba a yarda mu taɓa sanda da sunan kamu ba. Baba yakan tsinci guntun zare ya naɗe a gwangwani ya jefa da hannu, kuma in ya ciro wani babba sai Lawban ya karɓe ya ɗaga a ɗauke shi hoto. Wani lokacin ya sa mu tsaya hagu da dama, shi a tsakiya, don abokansa su ga yana da baƙaƙe biyu masu yi masa hidima. Akwai wani abokinsa siriri da ke son goga yatsa a damtsena ya duba ko zai yi baƙi. Wallahi sau da yawa na ji kamar in hankaɗa shi ruwa. In na tambayi maganar bizata, amsar ɗaya ce, mako mai zuwa. Ina haɗiye fushina saboda ina bukata. Baba kuwa duk bai dame shi ba. Mutumin da ke yini a sito ba ya furta kalma goma, da ya shaƙi iskar ruwa sai ya koma yaro, har waƙar masunta yake yi ƙasa-ƙasa. Yakan ce mini ko a bakin ruwan wasu ne, ruwa dai ruwa ne.

Ranar da abin ya faru tsakiyar Sha'aban ce, ana cikin wasannin, rediyon motar Lawban sai ihu yake. An yi makonni ana zafi, ga ruwan sama ya kwararo da ruwan kogi cikin teku. In ka sa hannu sai ka ji shi ɗumi kamar an surka na wanka. Da hantsi Lawban ya ciro wani kifi mai gashin baki da ƙayoyi uku, ɗaya a baya, biyu a gefe. Ya ja da baya, bai taɓa shi ba. Irin wannan da matsefin ƙarfe suke riƙe shi, to ranar matsefin yana can cikin jaka a ɗaya gefen dutsen. Sai kawai ya nuna wa Baba da haɓa.

Baba ya yi murmushi ya ce ai wannan ɗan'uwan kurungu ne, tun yana ɗan shekara bakwai yake karya musu ƙaya. Ya kama shi ta bayan kai yadda ya saba. Amma na teku ya fi santsi. Kifin ya murɗe, ƙayar gefe ta shige tafin damansa, a gindin babban yatsa. Ya zare ta, ya tsotse jinin ya tofar, ya cije leɓe. Ya ce wannan ya fi na gida zafi.

Daga nan ya yi abin da kowane ɗayanmu zai yi. Wa bai san ruwan gishiri maganin ciwo ba ne? Da shi uwata take wanke mana ƙafa in ƙusa ta soke mu, da shi wanzami ke gasa kaciya. Baba ya durƙusa a bakin wani ɗan rami a cikin dutse inda ruwa ya taru ya yi zafi, inda muke zubar da matattun jatan lande da hanjin kifi, ya tsoma hannun har wuya, ya bar shi a ciki. Ya ɗago ya dube ni yana dariya ya ce, "A gida sai an sayi gishiri an jiƙa. Nan ga shi kyauta iyakar ganinka." Ni ma na yi dariya, na ce ya ƙara tsomawa.

Lawban yana kallo. Ina so a riƙe wannan. Mutumin nan yana da ɗan akwatin magani a jakarsa, kuma na sha ganin zare ya ɗan kurje masa yatsa ya tsaya ya wanke da ruwan gora, ya shafa jan magani, ya liƙa filasta, ya sa safa. Ya ga hannun Baba a cikin ramin nan. Ya faɗa wa abokansa wata magana, suka yi dariya, ya juya ya sake jefa ƙugiya, saboda ruwa ya fara cikowa kuma kifi na ci.

Kafin azahar tafin ya kumbura ya yi ja. Duk da haka Baba ya ci gaba da ɗaura ƙugiya, yana taimakawa da haƙori, yana komawa ramin yana tsomawa. Na je na ce wa Lawban ya kira jirgi. Ko kallona bai yi ba, ya ce yanzu ne ruwa ya fi kyau, jirgi sai yamma.

Da Apo ta zo bayan la'asar, idonta na sauka a kan hannun ta kashe inji. Ta kama shi ta juya, ta danna, ta duba idon Baba. Sai ta juya kan Lawban ta wanke shi tas da wani yare da ban ji ko kalma ɗaya ba, har jijiyar wuyanta ta tashi. Ta buɗe filas ɗin shayinta ta juye duka a kan ciwon, ta ciro tsumma mai tsabta ta naɗe. Ta kama rigata ta ce asibiti, yanzu, yau. Da ta ga kamar ban gane ba, ta sa gefen tafinta ta sari wuyan hannunta. Baba ya tambaye ni me tsohuwar ke cewa, na ce tana yi masa sannu ne.

A mota sanyi ya rufe shi, haƙoransa na karo. Lawban ya miƙo jarida ya ce a shimfiɗa kar a ɓata masa kujera. Na roƙe shi da duk Sinancin da na mallaka ya tsaya a asibitin farko. Ya tambayi fasfon Baba. Na ce akwai, biza ce meyo, wato babu. Sai ya duba madubi, ya duba hanya. A irin lokacin nan ba wanda ke son a gan shi ɗauke da baƙo marar takarda. Muna isa wata tashar bas a bayan gari ya taka birki ya ce mu sauka. Na tallafo Baba na zaunar da shi a bakin titi. Sai Lawban ya kira ni, na koma da gudu ina zaton ya canja shawara. Ashe so yake in ɗauko kula daga but in sa a kujerar da Baba ya tashi, don sanyin mota ya riƙa bugun kifin. Na ɗauko na sa. Har yau in na tuna na sa ɗin, sai in ji zuciyata na tafasa.

A cikin bas mutane suka dare suka bar mana wuri, wasu na toshe hanci. Haka muka lallaɓa har ɗakinmu.

Washegari da safe hannun ya zama abin tsoro. Kumburi ya wuce gwiwar hannu, fata ta yi wasu manyan ƙuraje masu ruwa, baƙi-baƙi kamar ƙuna. Na kira Alhaji. Ya zo ya tsaya daga bakin ƙofa da hankici a hanci. Da na ce asibiti, ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Kai Habu, kana da hankali kuwa? Ka kai shi su tambayi inda yake kwana, su biyo ni sito? Mutum nawa gare ni a can da ba su da biza? Ya yi haƙuri a gama wasannin nan tukuna."

Ya aiko da kafso ja da rawaya da kwalbar man habbatussauda. Ni kuma bakina ba ya iya shiru in raina ya ɓaci. Na ce, Alhaji, da dilar jins ce ruwa ya taɓa da yanzu ka tara gari. Ya nuna ni da yatsa ya ce in na fitar da shi daga ɗakin nan, kar in sake taka masa sito, kuma in nemi mai tsaya mini. Ya juya ya tafi.

Da Baba ya goyi bayana da na ɗauke shi a ranar. To shi ma tsoro ya cika shi. Ya ji labarin waɗanda aka kama aka rufe, ba a san ranar fitarsu ba. Ya riƙe rigata da hagu ya ce in bari zuwa gobe, kurungu ya sha sukarsa, kwana biyu yake sacewa. Ya sa na jiƙa masa gishiri a roba ya ƙara gasawa. Haka wannan yinin ya wuce a banza, ina shafa masa mai ina kallon baƙin yana hawa.

Ranar Litinin da safe bai gane ni ba, da sunan ɗansa yake kirana. Na fita na buga ƙofar maƙwabcinmu Ma'azu, wani ɗan Maraɗi mai sarin atamfa, wanda gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya leƙo ya gani, bai tambayi biza ba, bai tambayi komai ba. Ya ce wanga ba na kafso ba ne, kama ƙafafu. Muka sauko da shi. Tasi ta yi ta wucewa, wasu su rage gudu, su leƙo, su ƙara mai. Daga ƙarshe wani Basine mai keken ɗaukar kaya, wanda ke kai mana dila, shi ya sauke kwalayen da ya ɗauko a gefen titi ya ce mu ɗora shi. Ya tuƙa mu har ƙofar asibiti, na sa hannu a aljihu ya girgiza kai ya juya.

Likitar wata matashiya ce mai jin Turanci. Abin da muka kwana biyu muna tsoro ko tambayarsa ba ta yi ba. Tana buɗe tsumman ta ce, teku? Na ce eh. Kifi? Na ce eh. Yaushe? Da na ce Asabar sai ta rufe ido. Ta yi mini bayani a tsaye, ana tura gadon. Da bazara, in ruwan teku ya yi ɗumi, musamman inda ya gauraya da na kogi, akwai wata ƙwayar cuta da ke yawaita a ciki. Ko ƙaramin kurji ta samu shiga take, ta ci nama da sauri, balle ga wanda hantarsa ba ta da ƙarfi. Baba kuwa ya taɓa gaya mini ya yi doguwar shawara yana saurayi. Ta ce abin yi shi ne a fitar da ciwon daga ruwan teku, a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, in ya fara kumbura a zo a ranar. Ta ce duk mai zuwa fatsa a yankin nan ya san wannan. Ban taɓa tsanar ɗan Adam ba kamar yadda na tsani Lawban a wannan lokacin.

Ma'azu ya tafi masallaci, 'yan Maraɗi da 'yan Kano suka yi karo-karon kuɗin asibiti. Aka ɗura wa Baba ruwa da allurai, hankalinsa ya ɗan dawo. Likitar ta kira ni gefe ta ce hannun ya mutu, in ba a cire shi daga saman gwiwa ba kafin yamma, shi ma zai bi. Ta ce sai ya yarda da bakinsa, kuma ni kaɗai ke jin yarensa.

Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa. Ban san yadda kalmomin suka fito ba. Ya ce to da me zai riƙe filafili, da me zai ja taru, wa zai ciyar da yaran nan. Ni dai ina ta kuka kamar mace. Shi bai yi kuka ba. Can ya ce a yi, ai rai ya fi. Sannan ya jawo ni kusa.

"Habu, in sun cire, ka karɓa. Ka samu farin ƙyalle ka naɗe, ka kai inda ake binne Musulmi ka binne min. Ba shara ba ne. Da shi nike alwala."

Na ce wallahi zan yi, Baba. Ma'azu ya je shagonsa ya yanko farin yadi. Na zauna a baranda da shi a cinya har aka fito da gadon. Na tare wata nas na tambaye ta hannun, ba ta gane ba, na nuna, ta zaro ido ta kira likitar. Likitar ta saurare ni har na gama, kuma na ga ta ji abin a ranta. Ta ce in yi haƙuri, naman cike yake da cuta, doka ba ta yarda a ba kowa ba. An riga an ƙulle shi a leda, an haɗa da sauran irinsa, motar da ke kaiwa wurin ƙonawa ta tafi. Na ce a kira motar. Na ce a nuna mini wurin in bi da ƙafa. Na yi ta ihu da Hausa a tsakiyar asibitin mutane har masu gadi suka zo, Ma'azu ya rungume ni ta baya ya fitar da ni waje.

Sai washegari da hantsi Baba ya farka sosai. Kafin nan jami'ai sun zo sun duba fasfonsa, ba tsawa ba duka, suka ce in ya warke za a sa shi a jirgi zuwa gida. Ni ma bizata ta ƙare, ba sito, ba mai tsaya mini, kuma ko a jikina. Na gaya masa zai koma Yauri. Ya gyaɗa kai. Ya juya ya dubi kafaɗarsa da aka naɗe da bandeji, ya daɗe yana dubawa, sannan ya tambaye ni a ina na binne, don ya san abin da zai gaya wa 'ya'yansa.

Ma'azu yana tsaye a bayan gadon yana ƙifta mini ido, yana nufin in ce an yi. Na buɗe baki in faɗa, na kasa. Mutumin nan kowa a garin ya yi masa ƙarya, tun daga ranar da ya sauka.

Na ce, "Ba su ba ni ba, Baba. Sun ƙone shi."

Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Hawaye suka gangaro masa ta gefen ido suka shiga kunne, ba hannun da zai share ta wannan ɓangaren. Can ya ce, a hankali, "Ashe wuta ta fara da ni tun ban mutu ba."

Ma'azu ya yi ta ba shi baki, yana cewa ba haka ba ne, Allah ya san inda kowace gaɓa take. Muka zauna haka har rana ta karkata. Sai ya tambaya ko azahar ta yi, ya ce in taimaka masa da alwala. Na ɗebo ruwa a gora, na ɗauko roba, na zagaya na tsaya ta damansa, tunda da dama ake farawa. Na tsaya riƙe da gorar, ban san inda zan zuba ba.

Ya ce, "Zagayo ta hagu, Habu."